Takardar Gidan Ba Ta San Sunana Ba

Kwana uku da fitata takaba aka kawo dillalai biyu su yi wa gidanmu kuɗi. Ina zaune a tabarma a bakin ƙofar ɗakina ina kallon su, suna auna tsakar gida da ƙafa, suna ƙwanƙwasa bango, suna ɗaga kai suna duba silin. Ɗayansu ya leƙa falona ya ce wa ɗan uwansa, "Wannan rufin an sa masa katako na gaske." Ban ce uffan ba. Amma na san katakon nan, na san ranar da aka sauke shi a kura, na kuma san abin da na cire daga wuyana kafin a sayo shi.

Ni malamar firamare ce a Kano. An ɗaura mana aure da Malam, Allah Ya jiƙansa, a 1999, ina da shekara ashirin. Shi ɗan kasuwar Dawanau ne, yana harkar hatsi: gero, dawa, masara, wani lokacin wake da riɗi idan kasuwa ta buɗe. Muka fara zama a gidan haya a Kurna, ɗaki ciki da falo, banɗaki ɗaya da mutum huɗu. A nan na haifi 'ya'yana mata, a nan na yi karatun NCE da goyo a baya, Malam yana kai ni a babur yana ɗauko ni. Ina faɗin wannan tun da wuri don kada wani ya karanta labarin nan ya ɗauka mugun miji na aura. Wallahi ban taɓa kwana da yunwa a gidansa ba, bai taɓa tambayata nawa ne albashina ba, bai taɓa sa hannu a jakata ba.

A 2008 ya dawo gida da murna, ya ce ya samu fili a wajen Bachirawa, awon igiya ne, amma wurin mai kyau. Kuɗinsa ya biya gaba ɗaya, wannan kam ba ni da ko sisi a ciki. Aka rubuta takardar ciniki da sunansa, shaidu suka sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi. Na riƙe takardar nan da hannuna na karanta ta sau biyu don daɗi, sannan na sa ta a leda na ajiye masa a ƙasan akwatin lefena.

Gini kuwa, wanda ya taɓa yi ya san fili ne mai sauƙin. Aka yi harsashi aka tsaya. Aka ɗora bulo zuwa taga aka tsaya. Shekarar da ya yi ajiyar masara farashi ya karye, sai da muka yi wata takwas ba a ɗora ko bulo ɗaya ba, ga mai gidan hayar yana ƙara kuɗi duk shekara. Daga nan na shiga. Muna da adashi a makaranta, mu goma sha biyu, ranar da na kwasa ban ko kwance ƙullin ba na miƙa masa na ce a sayi siminti. Ina kuma saro atamfa da leshi a Kantin Kwari ina ba malamai 'yan uwana bashi zuwa ƙarshen wata, ribar nan ita ma can ta tafi. Da aka biya mu wasu ariyas, rodi aka saya aka zuba linta. A lissafina sau tara na ba shi kuɗi masu kauri tsakanin 2009 da 2011, ban da na lebura da na mai ruwa da nake biya idan na je duba aiki ranar Asabar.

Sai aka zo rufi, damina na ƙaratowa, babu kuɗi a hannunsa babu a nawa. Ina da sarƙa da 'yan kunne da awarwaro biyu na gwal, gadon mahaifiyata, daga Makka ta zo da su. Na kwana biyu ina juya abin a raina, a rana ta uku na ɗauka na kai wa masu gwal aka ɗora a sikeli. Da na kawo masa kuɗin ya daɗe bai karɓa ba. Ya ce, "Malama, kayan Inna kika sayar?" Na ce, "Malam, da gwal a akwati da ruwa a ɗaki, gara rufi." Ya yi shiru, sannan ya ce maganar da na riƙe shekara goma sha biyu kamar ita ce takarda: "Gidan nan namu ne ni da ke. Wannan ɓangaren ma naki ne, na ba ki."

Mu biyu ne a ɗakin, sai autata da ke barci a bayana.

Mun tare a farkon 2012, makonni kaɗan bayan harin 20 ga Janairu, garin duk a tsorace, ana dokar hana fita. Babu filasta a waje, babu ƙofa a kicin, amma na yi barci a daren nan irin wanda ban taɓa yi a gidan haya ba.

Mutane da yawa sun tambaye ni daga baya, ke da kike da ilimi, me ya hana ki ce a rubuta? Amsar ita ce kunya. Sau ɗaya na yi niyya. Wata abokiyar aikina, babba ce ta girme ni, ta ja ni gefe ta ce, "Ƙanwata, ki sa ya rubuta miki ko a bayan kalanda ne." Na dawo gida da maganar a bakina, na tarar ya sayo mini tsire yana jirana, sai na ji idan na buɗe baki kamar na ce masa ban yarda da kai ba, ko kuma ina yi maka fatan mutuwa. Na haɗiye. A gidajenmu mace ta ce wa miji "rubuta mini" abu ne mai nauyi, sai a ce ta fiye son abin duniya, ko ba ta zo zama ba. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, da kafa shaidu, har ta ce kada a ƙosa da rubutawa, ƙarami ne ko babba. Ban ga inda aka cire miji da mata a ciki ba. Na karanta ayar nan ba adadi a watan azumi, ban taɓa jin da ni take ba.

A 2014 ya ƙara aure. Ba zan ce ban ji zafi ba, na ji, musamman da na ga a ragowar filin nan aka yi mata ɗaki ciki da falo da ɗan kicin. Amma yarinyar mai ladabi ce, Yaya take ce mini tun ranar farko, kuma mun zauna lafiya daidai gwargwado. Ta haifi maza biyu da mace ɗaya. Ni kuma mata uku Allah Ya ba ni. Ko a lokacin wani abu ya ɗan taɓa zuciyata game da gidan, sai na tuna maganarsa ta ranar gwal na kwantar da hankalina.

A watan Oktoban 2023 ya faɗi a shago, hawan jini. Kwana huɗu ya yi a asibiti bai yi magana ba, ya cika da asubar Juma'a. Wata huɗu da kwana goma na yi a ɗakin nan ina kallon silin, ban kawo maganar gida a raina ba sai can wajen ƙarshe.

Yayansa, Baffan yara, shi ya tsaya a kan rabon. Shi ba magaji ba ne tunda akwai 'ya'ya maza, don haka ba shi da abin da zai ci a ciki. Ya gayyato wani malami masanin gado, aka zauna a soro, mu mata muna daga ciki an ɗage labule. Malamin ya fara da bayani: kafin a raba komai sai an cire kuɗin jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyya idan akwai, ba ta wuce sulusi. Ya ce duk mai bin marigayi wani abu ya faɗa yanzu. Hannuna na rawa na ce, "Allah gafarta Malam, ina da magana." Na faɗi komai, tun daga adashi har gwal, har kalmar da ya faɗa mini.

Soron ya yi tsit. Sai malamin ya tambaye ni a hankali, "Akwai rubutu?" Na ce babu. "Akwai wanda ya ji?" Na ce babu. "Bayan ya ce ya ba ki, ya fita daga ɓangaren ya bar miki, ko ya ci gaba da kwana a ciki?" Na ce ina zai je, ai gidansa ne. Ina rufe baki na ji abin da na faɗa.

A ranar na koyi kalmar hauzi. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. Kuma malamai sun yi maganar irin halina ƙarara: idan mace ta ba mijinta gidan da suke ciki, kyautar ta yi ko da suna zaune tare, amma idan miji ne ya ba matarsa gidan da yake zaune, bai fita ya bar mata ba har ya mutu, kyautar ba ta tabbata, domin zaunar da ita dama wajibinsa ne, zamanta a ciki ba ya nuna ta karɓa. Idan kuma aka ce a ɗauke ta a matsayin wasiyya, babu wasiyya ga magaji sai da yardar sauran magada. Ko da an yarda ya faɗa, maganar da na jingina da ita shekara goma sha biyu ba ta da ƙafar tsayawa.

Saura kuɗin da na zuba. Nan malamin ya ce haƙƙina ne, ba a raba gado a kansa, amma sai da hujja. 'Ya'yana ba za su yi mini shaida ba, 'ya ba ta shaidar uwa. Amarya ba ta zo gidan ba a lokacin. Uwar adashinmu ta san na kwasa, ba ta san inda kuɗin ya tafi ba. Birkilan da ya yi aikin ya daɗe da rasuwa.

Baffan yara ya matso kusa da labule ya ce, "Malama, wallahi ba ƙaryata ki nake ba. Na san ƙanina, na san bai isa ya rufe gidan nan shi kaɗai a shekarar nan ba. Da dukiyata ce da na ce ki ɗauka. Amma akwai marayu huɗu da ba su balaga ba a ciki, har da autarki. Ba ni da ikon in yafe ko naira ɗaya daga rabonsu." Na so in ji haushinsa, na kasa. Gaskiya ya faɗa. Ni ma da na kwanta a daren nan ayar masu cin dukiyar marayu ce ta yi ta zuwa mini, wadda ta ce wuta suke zubawa a cikinsu. Idan na yi kuskure a lissafi fa? Idan tara ɗin nan takwas ne? Babban ɗan amarya shekararsa takwas, ni na yi masa wankan jego tare da uwarsa. Ga haƙƙina ina gani, ga tsoron kada in wuce shi da taƙi ɗaya. Ban taɓa shiga ƙunci irin na makon nan ba, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne Malam ɗin kansa. Ana cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya. Kunyar da na ji ta hana ni tambayarsa takarda, ga shi ta bar shi da nauyi a kabari, ta bar yayansa da zullumi, ta sa ni da amarya muna kallon juna a tsakar gida kowa na tsoron yin magana.

Bayan mako biyu yaron shagonsa ya kawo littattafan lissafi guda shida a buhu, don a tantance masu bin bashi da waɗanda ake bi. 'Yata ta biyu ce ta zauna tana buɗa su ɗaya bayan ɗaya, sai na ji ta ce, "Umma, zo ki gani." A bayan wani tsohon littafi, tsakanin lissafin buhunan gero, da rubutun hannunsa: "Na karɓi 120,000 wajen Malama, siminti." Can gaba, 150,000, rodi. Can kuma, 250,000, bulo da yashi. Uku cikin tara. Na rufi babu, na gwal babu. Na rungume littafin nan na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwarsa.

Aka koma wurin malamin. Baffan yara da yaron shago suka tabbatar rubutunsa ne. Sai wata tambayar ta taso wadda ban taɓa tunaninta ba: kuɗin nan rance ne ko tarayya? Idan tarayya ce, ina da kaso a jikin ginin, a kimanta shi da kuɗin yau. Idan rance ne, abin da aka karɓa shi za a mayar, naira da naira. Malam bai rubuta ko ɗaya ba, "na karɓa" kawai ya ce, kuma takardar fili sunansa ne shi kaɗai. Abin da ya tabbata shi ne ya karɓa, sai aka tsaya a kan haka. Na yi rantsuwar da ake sa mai bin mamaci, cewa bai biya ni ba kuma ban yafe ba, aka cire mini naira 520,000 daga kuɗin kayan shago.

Lokacin da na ba shi kuɗin nan buhun siminti bai kai naira 2,000 ba, dala tana wajen naira 150. Ranar da aka mayar mini, a watan Fabrairun 2024, buhu ya haura 10,000, dala ta wuce 1,500. Kuɗin da ya isa sayen buhu fiye da 250 ya dawo hannuna bai fi na hamsin ba.

Wata ƙawata da ta ji labarin ta ce ai a Faransa duk abin da ma'aurata suka tara bayan aure nasu ne su biyu, in dai ba su rubuta wani sharaɗi daban ba, da can ne da rabin gida nawa ne. Ni ban yi sha'awar tsarin ba. Namu ya ce dukiyar mace tata ce, sadakinta nata ne, albashinta nata ne, ci da sha da tufa da muhalli a wuyan miji suke ko da ta fi shi kuɗi. Aya ta 32 a Nisa'i ta ce maza suna da rabo daga abin da suka tsuwurwurta, mata ma suna da nasu. Shekara ashirin da huɗu na ci moriyar wannan. Sai dai tunda aljihu biyu ne, duk abin da ya tashi daga wannan ya shiga wancan dole a san sunansa: kyauta ce, rance ne, ko tarayya. Mu mun bar shi ba suna, muna ce masa "namu", kuma rabon gado bai san "namu" ba.

Dillalai suka yi wa gidan kuɗi naira miliyan 24: tsohon ɓangare, nawa, miliyan 14, na amarya miliyan 10. Kayan shago kusan duk bashi ya cinye. Hajiya mahaifiyarsa tana raye, tana da sudusi, miliyan 4. Mu mata biyu muna da tumuni, miliyan 3, kowacce miliyan ɗaya da rabi. Ragowar miliyan 17 na 'ya'ya, namiji rabon mace biyu, aka kasa takwas, kowane kaso 2,125,000. Da aka tara, ni da 'ya'yana uku muna da 7,875,000. Amarya da nata suna da 12,125,000.

Ba sai an faɗa mini ba, ni nake koyar da lissafi a aji biyar. Ko a sayar da gidan kowa ya kama gabansa, ko kuma mu yi musanya: su koma babban ɓangaren, mu koma ƙaramin, kowa ya cika wa Hajiya nata. Don in zauna a ɗakina sai na nemo fiye da miliyan 6, ba ni da su, ba ni da mai ba ni.

Amarya ce ta fara ƙi. Ta shigo ɗakina da dare ta durƙusa ta ce, "Yaya, wallahi ba zan iya kwana a ɗakin nan ba. Ni na tarar da ke a ciki." Na ce mata ba ni take yi wa ba, ba kuma ita take karɓa ba, rabon 'ya'yanta ne, kuma gara mu zauna a gidan ubansu da a watsa su gidan haya. Muka yi kuka tare har aka kira assalatu. Washegari ta ce a gaban Baffan yara ta yarda da maganar gwal ɗin ko ba shaida, a cire daga tumuninta. Malamin ya ce tana da iko a kan rabonta ita kaɗai. Na ƙi karɓa. Yarinya ce mai 'ya'ya uku ƙanana, ba ta da albashi.

Hajiya kuwa da aka je mata da lissafin, ta ce ba ta son a sayar da gidan ɗanta tana raye. Ta yafe wa ƙananan jikokinta wani abu daga abin da za su cika mata, dangin amarya suka haɗa sauran. Ni aka ce in cika 2,125,000. Na miƙa 520,000 ɗin nan kamar yadda aka ba ni, saura 1,605,000, ta ce, "'Yar nan, ki riƙa kawo abin da ya sawwaƙa." Na ce, "Hajiya, na gode, amma a rubuta." Ta dube ni, na ga abin ya ɗan sosa mata rai, irin yadda na ji tsoron zai sosa wa ɗanta. Na ce, "Don Allah Hajiya, saboda ni da ke duka." Aka rubuta: naira 40,000 duk wata, Baffan yara da limamin unguwa suka sa hannu. Aka kuma rubuta takardar ɓangaren, da sunana da na 'ya'yana uku, da kason kowacce, mai unguwa ya buga hatimi.

Ranar Asabar muka yi musanyar. Yara suna ta kai da kawo da kwanuka da katifu a tsakar gida, ƙaramar 'yar amarya tana murna ta ɗauka wasa ne. Gadona bai shiga sabon ɗakin ba sai da kafinta ya kwance shi. Da aka gama kwashe komai na koma tsohon falon ni kaɗai, na tsaya na ɗaga kai na yi wa Inna addu'a, na yi wa Malam, na ce na yafe masa na rufin duniya da lahira, na ja ƙofar na kai wa amarya makulli.

Ba mu ja katanga ba har yau, rijiya ɗaya muke ɗiba. Duk ranar da albashi ya shigo nakan hau adaidaita in kai wa Hajiya kuɗinta. Akwai littafi mai bango ja da nake tafiya da shi, in rubuta kwanan wata da adadi, ita kuma ta dangwala yatsa, jikanta da ke zaune da ita ya sa hannu a ƙasa. Watannin farko takan kawar da kai tana dangwalawa. Yanzu ina gama gaishe ta take cewa, "'Yar nan, ina littafin?"